Mendoza, garin da ke shan ruwan da ya narke daga dutse



In aka ce Ajantina, abin da ke zuwa ran mafi yawanmu ƙwallo ne, Maradona da Messi, shi ke nan. Amma can yammacin ƙasar, a gindin duwatsun Andes, jingine da iyakar Cile, akwai wata jaha mai suna Mendoza. Girmanta ya kusa na jahar Damagaram, mutanenta wajen miliyan 2 ne, kuma hamada ce. Ruwan saman da ke sauka a babban birninta bai wuce milimita 200 da ƴan kai ba a shekara, wato bai kai na Tawa ba, balle na Maraɗi. Duk da haka ita ke fidda wajen kashi 70 cikin ɗari na giyar inabin Ajantina, ita ke noma mafi yawan tafarnuwar ƙasar, kuma baƙi daga ko'ina tururuwa suke don su gan ta. Mun samu zuwa a watan Maris, lokacin tsinkar inabi. Tafiya ce mai karya ƙugu: Yamai zuwa Addis Ababa, daga nan São Paulo, sai Buenos Aires, sannan a ƙara kilomita dubu da ɗoriya zuwa yamma. Ku sani kuma lokutansu a juye suke da namu. Sadda muke rawar ɗari a Janairu su zafi ya ishe su, sanyinsu kuwa a Yuli yake.

Kafin baƙo ya lura da kowane gini a birnin, ramuka zai fara gani. Kusan kowane titi, hagu da dama, akwai wata siririyar magudana tsakanin kwalta da inda mutane ke takawa. Ɗan Yamai zai ɗauka kwatami ce ya toshe hanci. Ina! Ruwan kogi ne ake sako mata bi da bi don a shayar da itatuwa. Suna ce mata acequia. Duk manyan itatuwan nan da suka haɗe kai bisa tituna suka yi rumfa, har mutum ya yi tafiyar awa guda rana ba ta taɓa shi ba, da hannu aka shuka su, kuma da wannan ruwa suke rayuwa. In aka rufe magudanun, shekara kaɗan garin zai koma fili fetal kamar yadda yake a da. Mun daɗe tsaye bakin ɗaya daga cikinsu muna kallon ruwa na wucewa, har masu wucewa suka fara kallonmu. A wajenmu wannan ya fi kowane gini na garin zama abin kallo, ko da yake masu kai baƙi yawo ba su cika tsayawa a kansa ba.

Dabarar ta girmi zuwan Turawa. Mutanen asali na wurin, ƴan ƙabilar Huarpe, su suka fara jan ruwan kogin Mendoza zuwa gonakinsu na masara da kabewa. Da Sifaniyawa suka kafa garin a ranar 2 ga Maris 1561 ƙarƙashin Pedro del Castillo, magudanun nan suka tarar suka ɗora a kai. Babbar magudanar da ta ratsa birnin har yau sunan wani sarkin Huarpe take ɗauke da shi, Guaymallén. Kogin kansa ba ruwan damina ke cika shi ba. Dusar ƙanƙara ce ke zuba a kan duwatsu lokacin sanyi, in zafi ya shigo ta narke ta gangaro. Manomin Mendoza ba hadari yake dubawa ba, farin da ke kan dutse yake dubawa ya san ko bana za a sha.

Tun 1884 suke da dokar ruwa, kuma akwai hukuma guda mai zaman kanta wadda aikinta ke nan kawai, rabon ruwa. Haƙƙin ruwa a manne yake da gona, ba a saida shi daban. Kowane manomi yana da ranarsa da awoyinsa, kuma akwai ma'aikaci da suke kira tomero, shi ke buɗe ƙofar ƙarfe ya rufe. In rabonka ya faɗo ƙarfe uku na dare, to ƙarfe uku za ka tashi da fitila da shebur, don ruwa ba ya jiran mai barci. Wanda ya taɓa noman rani a Ƙonni ya san wannan zance. Ƙasar da ake shayarwa haka ba ta kai kashi 5 cikin ɗari na faɗin jahar ba, amma sama da kashi 90 na mutane a cikinta suke zaune. Daga cikin jirgi abin a fili yake: kore shar, sai layi kamar an ja da wuƙa, sai busasshen daji har inda ido ya tsaya.

Birnin da ake gani yau ba shi ne na farko ba. A daren 20 ga Maris 1861 girgizar ƙasa ta rushe tsohon garin, dubban mutane suka mutu. Da aka tashi sake gini, sai aka yi shi da tsoron abin da ya faru: tituna masu faɗi, gidaje marasa tsawo, da manyan dandali inda jama'a za su ruga in ƙasa ta sake motsi. A tsakiya akwai dandalin Independencia, kewaye da shi kuma ƙanana huɗu, San Martín, Chile, Italia da España. Na España ya fi burge mu saboda fale-falen ado masu launi da aka shimfiɗa a kujeru da ƙasa. Kangon cocin San Francisco, wanda girgizar ta bari, yana nan a tsohuwar unguwa an tallafe shi da ƙarafa. Shawara guda: kada ku fita sayayya tsakanin ƙarfe ɗaya da biyar na rana, kantuna a rufe suke, kowa ya tafi ƙailula. Wannan kam ba su koya mana komi ba.

Yamma da birnin akwai lambun Janar San Martín, wajen hekta 400, wanda wani Bafaranshe mai suna Carlos Thays ya tsara a 1896. Ƙyauren shigarsa na ƙarfe a Glasgow aka ƙera shi, da ungulun Andes zaune a ƙololuwa. A ƙarshen lambun akwai tudun da ake kira Cerro de la Gloria, bisansa kuma mutum-mutumin tagulla na rundunar Andes da aka buɗe a 1914. Nan ya kamata mutum ya ɗan zauna. Daga wannan gari ne José de San Martín ya shirya mutum wajen 5,000, da alfadarai kusan 10,000 da dawakai 1,600, ya tsallaka da su duwatsun a Janairun 1817 don ya kori Sifaniyawa daga Cile. Fiye da rabin alfadaran a hanya suka mutu. Ranar 12 ga Fabrairu suka ci yaƙin Chacabuco. Abin da ɗan jagora ba zai gaya muku ba sai kun tambaya shi ne, babban kaso na sojan ƙasa na rundunar baƙar fata ne, bayi ƴan asalin Afirka da ƴaƴansu, musamman a bataliya ta 7 da ta 8, waɗanda aka ɗebo daga hannun iyayengijinsu da alkawarin ƴanci in sun tsira. Da yawa ba su komo ba. Muna tsaye ƙarƙashin mutum-mutumin matar da ke riƙe da tsinkakkun sarƙoƙi, mu kaɗai ne baƙaƙe a kan tudun ranar, sai jikinmu ya yi sanyi.

To amma wanda ya je Mendoza bai hau hanya mai lamba 7 ba, kamar bai je ba. Ita ce hanyar da ke kutsawa cikin duwatsu har iyakar Cile, wajen kilomita 200. A fita da asuba. Da fari za a wuce barajin Potrerillos, tafki shuɗi tsakanin jajayen duwatsu, shi ne rumbun ruwan birnin da gonakinsa. Kusa da shi akwai ruwan zafi na Cacheuta ga mai son wanka. Sai ƙauyen Uspallata cikin wani faffaɗan kwari mai dogayen itatuwa, inda aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Seven Years in Tibet. Daga nan itace ya ƙare. Duwatsu ne tsirara, wani ja, wani rawaya, wani kamar toka, kogi na gudu a ƙasa launin kunun kanwa. A gefe za ku riƙa ganin tsohon layin dogo da ya haɗa Mendoza da Cile daga 1910, wanda aka daina amfani da shi a 1984, gadojinsa sun yi tsatsa. Manyan motocin kaya kuwa jere suke kamar a hanyar Gaya, na Brazil, na Paraguay, na Ajantina, duk sun nufi tashoshin ruwan Cile. In ƙanƙara ta rufe hanya lokacin sanyi, direbobi sai su kwana da kwanaki a Uspallata suna jiran jandarma su buɗe.

A tsawon mita 2,700 akwai Puente del Inca, gadar da ba hannun mutum ya gina ba. Ruwan zafi mai gishiri da farar wuta ne ke ɓuɓɓugowa, ya daskare sannu a hankali, har ya yi baka bisa kogin Las Cuevas, launinsa rawaya da ruwan goro kamar an zuba masa manja. Charles Darwin ya bi ta nan a 1835. An taɓa gina otal a wurin don masu zuwa wankan magani, sai ƙanƙara ta zabtaro daga dutse a 1965 ta share shi, ta bar ƴar cocin da ke gefe a tsaye. Yanzu an hana takawa bisa gadar, daga nesa ake kallo. Ƴan tireda na wurin suna tsoma takalmi ko kwalba cikin ruwan na wasu makonni, abin ya yi ɓawo kamar dutse, su saida wa baƙi. Ba mu saya ba, mun ga bai kai kuɗin ba.

Gaba kaɗan sai ga shi, Aconcagua. Mita 6,961. In aka fidda duwatsun Asiya babu wanda ya kai shi a duniya. Dutsen Bagzan namu na Abzin, wanda muke alfahari da shi, mita 2,022 ne, ku lissafa da kanku. Ba sai mutum ya hau ba. Daga bakin hanya akwai ƴar tafiyar ƙafa ta awa guda zuwa tafkin Horcones, daga nan ake ganin fuskarsa ta kudu, bango guda na dutse da ƙanƙara wanda ke sa mutum ya yi shiru ba tare da an ce masa ya yi ba. Masu hawa na gaske sai sun biya kuɗin izini, su yi mako biyu zuwa uku, alfadarai na kai musu kaya har sansanin Plaza de Mulas a wajen mita 4,300. Wani ɗan Suwizalan, Matthias Zurbriggen, shi aka rubuta ya fara kaiwa ƙololuwa a 1897. Amma a 1985 mahaya suka tarar da gawar wani yaro a sama da mita 5,000, sanyi ya adana ta, wanda mutanen daular Inka suka yi hadaya da shi shekaru ɗari biyar da suka wuce. Ashe tun kafin Bature ya zo da igiya da takalmin ƙarfe wasu sun san hanyar. Kusa da Puente del Inca akwai ƴar maƙabarta ta waɗanda dutsen ya ci. Mun tsaya, mun karanta sunaye daga ƙasashe daban-daban, mun wuce.

Ƙarshen hanyar, motoci na shiga rami mai tsawon kilomita 3 ƙarƙashin dutse, wanda aka buɗe a 1980, su ɓullo a Cile. Mai ƙarfin zuciya kuwa zai bar kwalta a Las Cuevas ya hau tsohuwar hanyar ƙasa mai lanƙwasa har mita 3,800 da ɗoriya, inda aka kafa mutum-mutumin Cristo Redentor a 1904. Ƙasashen biyu sun kusa gwabza yaƙi a kan iyaka, suka sasanta a 1902, suka kafa shi daidai kan iyakar don tunawa. Iskar wurin sai ta ture mutum, numfashi kuma sai an nema. Mu ƴan tudun rairayi taku goma muka yi kai ya fara sarawa. Minti ashirin ya ishi kowa, kuma a lokacin zafi kaɗai hanyar ke buɗe.

Yanzu maganar da muka san wasunku na jira: giya. Gaskiya ce, mafi yawan baƙin Mendoza don ita suke zuwa, su bi gidajen matsar inabi na Maipú da Luján de Cuyo da kwarin Uco suna ɗanɗanawa. Mu ba mu sha, kuma ba wanda ya matsa mana. Inda muka ce a'a, ruwan inabi marar sa maye aka kawo mana, ko a kai mu wajen masu matsar man zaitun na Maipú, a ba mu burodi mu dangwala. Amma ƙin kallon gonakin don abin da ake yi da ƴaƴansu asara ce ga duk wanda ya san noma. Wajen hekta 150,000 ne na inabi. Irin da ya yi musu suna, Malbec, wani masanin noma Bafaranshe, Michel Pouget, ya kawo shi a 1853. Da jirgin ƙasa ya iso daga Buenos Aires a 1885, sai baƙin haure daga Italiya da Sifaniya suka kwararo, suka mayar da daji gonaki. A kwarin Uco ana shuka har sama da mita 1,000, rana mai zafi, dare mai sanyi, ƙasa duk tsakuwa. Layukan inabi miƙe, bayansu dutsen Tupungato fari fat. Hoto ba ya kama shi.

Abokin gabansu na farko ruwan ƙanƙara ne. Minti goma ya isa ya kwashe wahalar shekara, shi ya sa za ku ga baƙar raga an lulluɓe gonaki da ita, ga mai halin saye. Na biyu wata iska ce mai suna Zonda, mai gangarowa daga duwatsu da zafi da ƙura, tana karya itatuwa, wani lokaci har a rufe lakwal saboda ita. Masu tsinkar inabin kuwa ƴan ci-rani ne, daga arewacin ƙasar da Boliviya. Suna ce musu golondrinas, wato tsattsewa, don da kaka suke zuwa su koma. Kowa da almakashi da kwandon ƙarfe mai cin kilo kusan 20. In ya cika ya saɓa a kafaɗa, ya ruga, ya hau tsani ya juye cikin mota, a jefa masa ƴar kwabon shaida, ranar biya a ƙirga. Da gudu suke aikin, tun safe. Baƙon da ke zaune a inuwa da kofi a hannu, tsakaninsa da su bai fi taku hamsin ba. A farkon Maris ɗin nan ne ake bikin kaka, Vendimia, wanda ake yi tun 1936, da jerin gwanon motoci ana jefa wa jama'a inabi da kankana, da zaɓen sarauniya daga gundumomin jahar 18.

Kudancin jahar ba mu ba shi haƙƙinsa ba, kwana biyu kawai muka yi. A San Rafael akwai kwazazzabon kogin Atuel, inda ruwa da iska suka sassaƙa duwatsu siffa-siffa. Can ƙasa a Malargüe akwai wurin wasan zamiya na Las Leñas, da filin Payunia mai tsofaffin duwatsun aman wuta sama da 800, da gasasshen ɗan akuya wanda ko a Tawa ba zai ji kunya ba. A cikin duwatsun wannan gunduma ne jirgin ƴan wasan Uruguay ya faɗi a Oktoban 1972, mutum 16 cikin 45 suka tsira bayan kwana 72.

Kogin Atuel ɗin nan mai kyan kallo, a maƙwabciyar jaha La Pampa sunansa baƙin ciki. Tun da aka gina barajin El Nihuil a 1947 ruwan ya daina isa gare su yadda ya saba, makiyaya suka watse. Shari'a ta kai kotun ƙolin ƙasar, wadda a 2020 ta ce dole a riƙa sakar musu aƙalla lita 3,200 a kowane sakan. A cikin Mendoza kanta haka zancen yake. Arewa maso gabas, a Lavalle, akwai tafkunan Guanacache inda Huarpe ke kamun kifi da kwale-kwalen ciyawa. Gonakin sama sun shanye ruwan kafin ya iso, yau jikokin waɗanda suka fara haƙa magudanun suna kiwon awaki cikin rairayi suna jan ruwa a rijiya. Ba a sa wurin cikin takardun tallan yawon buɗe ido. Kuma tun wajen 2010 ƙanƙarar kan duwatsu ke raguwa shekara bayan shekara. Manyan gonaki masu jarin waje sun haƙa rijiyoyin burtsatse sun sa tiyo mai ɗiga a gindin kowace shuka, ƙaramin manomi kuwa yana nan yana jiran tomero.

Shi ya sa a bangon gidaje da bayan motoci za ku riƙa cin karo da lamba 7722. Lambar wata doka ce ta 2007 da ta hana masu haƙar ma'adinai amfani da guba irin su sayanaid da zaiba a jahar, don kada su shiga ruwa. Mu da muka san garuruwan ma'adinai na arewacinmu ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Disamban 2019 sabon gwamna, Rodolfo Suarez, ya sa majalisa ta sassauta dokar, yana cewa jahar na buƙatar aikin yi. Manoma suka taso daga kwarin Uco, wasu a ƙafa wasu a tarakta, suka kwana a hanya, mutanen birni suka tarbe su, dubbai suka cika gaban gidan gwamnati. Gundumomi suka fara cewa ba za su yi bikin kaka ba. Kafin shekarar ta fita, ranar 30 ga Disamba, majalisar da ta sassauta dokar ita ta sake zama ta mayar da ita yadda take. Rigimar ba ta mutu ba, don akwai tagulla a cikin duwatsun Uspallata da Malargüe, kuma masu son a haƙa ba su haƙura ba. Direban da ya kai mu Aconcagua yana goyon bayan haƙar, ɗansa ya gama karatu ba aiki. Matar da ta saida mana zabibi da gyaɗar dutse a Uspallata kuwa lambar nan a liƙe take jikin teburinta.